Iya, Wadda Ta Riga Garin Zuwa

"Ku karkata shi! Ta wajen kai, ba ta wajen ƙafa ba!"

Maigidana ne ke wannan ihun, gumi na bin wuyansa. Shi da mai shagon tsallaken layinmu sun cicciɓo gadon Iya har bakin ƙofar ɗakinta, gado ya ce ba inda za shi. Sun gwada shi a tsaye, sun gwada shi a kwance, sun juya shi har ƙafarsa ɗaya ta ɓantaro ƙasar bango. Ita kuwa Iya, tsohuwar da katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, tana kwance a tabarma a tsakar gida, kanta bisa cinyata, tana kallonsu da ido ɗaya.

"Tela," ta ce da ni, don haka take kirana saboda keken ɗinkina, "ce musu su daina wahalar da kansu. Ba zai fita ba. A cikin ɗakin aka haɗa shi."

Maigidana ya sauke nasa ɓangaren ya dafe ƙugu. "Haba Iya! Kina kallonmu tun ɗazu, ba ki faɗa ba?"

"Na ga kuna ji da ƙarfi ne, na ce bari in ga iyakarsa."

Duk muka yi dariya har da ita, sai tata ta koma tari. Na ɗago kanta na ba ta ruwa a cokali.

Kwana tara ke nan da ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibitin garinmu ta zo sau biyu, ta saurari ƙirjinta, ta ja ni gefe ta ce zuciyar ce ta gaji, a sanar da danginta. Iya ba ta yi ƙorafin ciwo ba ko sau ɗaya. Abu guda ta roƙa, a kai ta inda za ta ga kogi. Lokacin da aka kawo ni garin nan, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, in ka tsaya a ƙofar gidanta ko kifi ya yi tsalle sai ka gani. Yanzu layin shaguna ya tare, bayansa ɗakin ajiyar buhuna, bayansa kuma gidan sama da wani ɗan kasuwa ya gina. Ba a ganin ruwa, sai dai a ji ƙarar injin jiragen ruwa. Shi ne muka ce a kai gadon ƙarƙashin babbar bishiyar mashigi, inda jirage ke tsayawa, ta wuni a can.

Ana cikin mayar da gadon mazauninsa sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Ɗanta ne, ni na yi masa waya. Tsohon malamin makaranta ne da ya bar aiki, yana zaune a birni da iyalinsa, tafiyar awa biyar daga nan. Duk garin Ɗan Fari ake ce masa, don shi ne jariri na farko da aka haifa a nan. Ya shigo da furfura fal kansa, yana ɗingisa ƙafar hagu, ya durƙusa a gefen tabarma da ƙyar.

"Sannu, Iya. Ya jikin?"

"Jiki ya yi nasa ƙoƙarin. Ya yaran? Ka rame, Ɗan Fari."

"Ni ne na rame?" Ya ɗauki hannunta ya duba, ya mayar a hankali. "Gobe da safe za mu tafi. Na yi magana da likita, an tanadar miki gado."

"Ina da gado. Ga shi can ya ƙi fita. Ni ma haka."

"Iya, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba shi nake ba."

"Shekara nawa ina roƙonki? Ko auren jikarki ba ki je ba. Gidana ba ki san launin ƙofarsa ba. Yanzu abin ya kai ga rai, don Allah ki bar ni in yi nawa."

Ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "In suka zo ba su same ni ba fa?"

Maigidana da mai shago suka sunkuyar da kai suka zame waje. Ɗan Fari ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Su wa za su zo, Iya? Su wa?"

Ya fita, na ji ya buɗe motarsa ya rufe, bai tayar da ita ba.

Kowa a garin nan ya san Iya tana jiran wasu. Yara ma sun sani, kamar yadda suka san inda ruwa ke da zurfi. Amma guntu-guntu muka sani, kowa da nasa. Ban taɓa ji daga bakinta ba sai ran nan da la'asar, bayan mun mayar da ita ɗaki, ina goge mata ƙafafu da ruwan ɗumi.

"Ƙwanƙwasa katakon nan," ta ce. Na ƙwanƙwasa gefen gadon. Baƙi ne, mai kauri, da ramukan tsofaffin ƙusoshi a jere. "Cikin jirgi ne. Shi ya kawo mu."

"Ku nawa, Iya?"

"Mu biyar. Ni da kafinta, mijina. Mai gishiri da matarsa. Sai wani masunci da ba ya magana. Daga sama muka taso, can inda kogin yake siriri. Shekara biyu ba a yi ruwan kirki ba, mutane sun fara cin irin shuka. Kafinta ya ce mu bi ruwa mu gangara, an ce akwai babban gari a ƙasa, ana neman masu aikin katako. Ba nan za mu zo ba, Tela. Nan ba wuri ba ne. Kwana shida muna tafiya, muka zo kwanar nan, dutse ya fasa mana jirgi. Da ƙyar muka fid da gishiri da akwatin kayan aikinsa."

"Ba kowa a nan?"

"Kowa? Ciyawa ta fi tsayin mijinki. Sauro kuwa, in ka buɗe baki sai ka ƙoshi. Muka ce kwana uku, a gyara jirgi mu wuce. Ni na haɗa duwatsu uku na hura wuta, ina kuka saboda hayaƙi, matar mai gishiri tana kuka saboda tsoro. Masuncin nan ya jefa taru sau ɗaya, ya kasa jawo shi shi kaɗai. Kafinta ya tona ƙasa da hannu, ya shinshina, ya dube ni. Tun daga kallon na san jirgin nan ba zai gyaru ba."

Ta nemi ruwa, na ba ta. Na ce ta huta, ta girgiza kai.

"Muna da yarinya. Shekararta uku. Ƙyanda ta kama ta ana gobe za mu taso, mahaifiyata ta ce ba a shiga ruwa da yaro a haka, ku bar ta, in kun zauna ku zo ku ɗauka. Na bar ta tana barci, don kar ta yi kuka. Ko sallama ban yi mata ba. Da muka yi ɗaki, muka yi shuka, muka girbe, kafinta ya ce lokaci ya yi. Ina da cikin Ɗan Fari wata bakwai, ba zan iya tafiyar ba. Ya tsaya a mashigin nan da sanda da gorar ruwa, ya ce, 'Kwana goma sha biyar. Kar ki je ko'ina, nan zan same ki.' Na ce to."

Ta kalli rufin ɗakin.

"Na ce to, Tela."

"Ba ki bi sawu ba?"

"Na bi. Da yaron ya yi shekara biyu na goya shi na hau. Na tarar garinmu ya watse, mahaifiyata ta rasu, gidanmu akuyoyi ke kwana. Wata tsohuwa ta ce ai kafinta ya zo, ya kwana biyu, ya tafi da yarinyar a kan wuyansa, tana riƙe da kunnuwansa tana dariya. Ta gan su da idonta. Daga nan ba wanda ya sake ganinsu. Wani ya ce jirgin fito ya kife a shekarar, wani ya ce zazzaɓi, wani ya ce ya ga mai kama da shi a birni. Ni dai da na ji sun taso, sai na juyo da sauri. Na ce suna can sun iso ba ni nan. Kwana huɗu na yi a hanyar da ake yi a bakwai. Na iso, ba kowa sai matar mai gishiri tana shanya. Tun ranar ban ƙara kwana a wani wuri ba."

Sauran labarin ni ma na san shi, don shi ake ba baƙi. Iya ta kafa rumfa a mashigi, tana dafa shayi, duk jirgin da ya zo wucewa sai ta ɗaga masa zane. Ba ta karɓar komai wurin masu jirgi sai alkawari: duk garin da suka tsaya su tambayi kafinta mai tabo a gira da yarinya ƙarama. Masu jirgi suka saba tsayawa. Da suka saba, mai gishiri ya baza hajarsa. Wata ta zo da ƙwai, wani ya zo da igiya, wani maƙeri ya sauka gyaran ƙusa bai koma ba. Aka wayi gari akwai ranar kasuwa.

"Yaran makaranta sun zo bara da littafi," Iya ta ce, "wai in faɗa musu yadda na kafa gari. Na ce ni ban kafa komai ba. Jira nake yi, mutane suka zo suka zauna kusa da ni."

Na matse tsumman na rataye. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Tela, ke da kika san kaya. Mace mai shekara sittin da shida, wane irin ɗinki take sawa yanzu?"

Na ce ya danganta, wasu suna son mai faɗi, wasu mai aiki a wuya.

"Jiya na zauna na ƙirga. Kullum 'yar mitsitsiya nake gani, da ƙuraje a goshi. Ashe ita ma ta tsufa. Wataƙila ko haƙora babu." Ta yi 'yar dariya. "Da za ta shigo yanzu, sai in ce, baiwar Allah, wa kike nema?"

Na fita da sauri don kar ta ga fuskata.

Ɗan Fari na zaune a kan bencin da ke gaban shagon ɗinkina, ya cire tabarau yana juya shi a hannu. Na kawo masa shayi, ya karɓa ya ajiye a ƙasa.

"Ta ba ki labarin ko?"

"Ta ba ni, Yaya."

"Ni da shi aka yaye ni." Ya dubi layin shagunan da ya tare kogin. "Kin san tun ina ƙarami in muna cin abinci, in aka ji jirgi, sai ta ajiye cokali ta fita? Ranar da na ci jarrabawar shiga makarantar malamai na zo da gudu da takarda a hannu. Tana rumfa. Ta ce madalla, madalla, amma idonta na kan wani jirgi da ke shan kwana. Shekara sittin da biyu ina gabanta, ƙanwata. Ba ta taɓa kallona yadda take kallon ruwan nan ba."

Na ce, "Kullum sai ta yi zancenka."

"Na sani. Ba cewa na yi ba ta ƙaunata ba." Ya mayar da tabaran. "Mutumin nan ban taɓa ganinsa ba. Yarinyar ma haka. Amma sun fi ni zama a gidan nan. Sun hana ta zuwa aurena, sun hana ta ganin inda nake kwana. Yanzu kuma za su hana ni kai ta asibiti. To ban yarda ba. Ko sau ɗaya dai a bar ni in yi nasara."

"In ta cika a hanya fa, Yaya?"

Ya ɗauki shayin, ya ga ƙuda ya faɗa, ya zubar.

Washegari da hantsi ya kwantar da kujerar motarsa, ya shimfiɗa katifa, ya sa matashi biyu. Ni na haɗa mata kaya a jaka, ban san wanda nake taimaka wa ba. Na sa mata riga mai tsabta, na ɗaura mata ɗankwali. Ba ta yi gardama ba. Da ya shigo, ta dube shi ta ce,

"Ka kai ni ruwa tukuna. Daga can in ka ce mota, mota."

"Alkawari?"

"Ka taɓa jin na saɓa?"

Mota ba ta shiga lungun mashigi, matakala ce ta duwatsu. Maigidana ya matso ya ce shi zai ɗauke ta. Ɗan Fari ya ce a'a.

"Yaya, gwiwarka fa."

"Gwiwar tawa ce."

Ya juya baya ya tsuguna a bakin gado, muka ɗora masa ita, na kawo zane na ɗaure su tare kamar yadda ake goyo. Da ya miƙe sai ya yi tangaɗi, ba don nauyi ba, don ya shirya wa nauyin da bai samu ba.

"Iya, ai ba komai a jikinki."

"Kai kuwa da na goya ka kamar buhun gishiri kake. Yau na rama."

Muka fito layi. Mai shago ya bar ciniki ya biyo mu. Masu gyaran babur suka miƙe tsaye, matan da ke tallan kifi suka janye farantansu suka ba da hanya. Ba wanda ya yi magana sai "Sannu Iya, sannu Iya." Ita kuwa haɓarta na kan kafaɗarsa, ta fid da yatsa ɗaya tana nuni.

"Nan inda ake sayar da katin waya, nan ne bukkar mai gishiri. Wancan kantin magani, kabarin jakinsa ne a ƙasa, kar ku gaya wa mai kantin. Nan masunci ya shanya tarunsa, shekara goma sha ɗaya muna tare, kalmominsa ba su cika kwando ba. Tsaya, tsaya. Ka ga bakin kwatar nan? Nan na hura wutar farko."

Ɗan Fari ya tsaya yana haki, muka kalli wurin. Kwata ce kawai, da ledoji da ɓawon lemo.

Matakala ashirin da biyu ce zuwa ƙasa. Ya sauka ɗaya bayan ɗaya, maigidana na gabansa da hannu a buɗe, ni ina baya ina riƙe da ƙullin zanen. A ƙarƙashin bishiyar wani mai jirgi ya shimfiɗa buhuna, muka kwance ta, Ɗan Fari ya zauna ya jingina ta da ƙirjinsa don ba abin jingina. Kogin ya cika, ja-ja, yana tafe da rassan itace. Iska ta ɗaga gefen ɗankwalinta. Ta buɗe ido sosai, ta kalli sama, wajen kwanar da jirage ke ɓullowa, ta daɗe tana kallo. Na ga muƙamuƙin Ɗan Fari ya motsa. Ya kau da kai.

"Bishiyar nan," ta ce, "sanda ce. Ni na kafa ta don in ɗaura zanen da nake ɗaga wa jirage. Ban san za ta yi saiwa ba."

Ta ɗan karkato da kanta wajen ɗanta.

"Ɗan Fari."

"Na'am, Iya."

"A nan na haife ka. Ba a ɗaki ba. Na zo duba jirgi naƙuda ta kama ni, daga ni sai matar mai gishiri, ita kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, sai salati take tana gudu tana dawowa. Ka san abin da ban taɓa gaya maka ba?"

"A'a."

"Da muka dawo daga sama ban same su ba, na zo nan da rana tsaka, na shiga ruwan nan. Na ce tunda ta nan suka ɓace, bari in bi su. Ruwa ya kawo mini nan." Ta taɓa ƙirjinta. "Kana bayana, na ma manta da kai. Da ruwa ya taɓa ƙafarka sai ka ƙyalƙyale da dariya, kana ta wutsil-wutsil, ka ɗauka wasa ne. Ka kama kunnena ka ja. Shi ne na juyo."

Hannunsa da ke riƙe da kafaɗarta ya ƙara matsewa.

"Na san abin da ke ranka. Kana cewa idona na kan ruwa. Gaskiya ne, ban musa ba, na cuce ka a nan. Amma abin da ya ɓace ake nema da ido, ɗana. Kai a bayana kake. Ko da ka girma ka tafi, a nan nake jin ka." Ta kai hannu baya da ƙyar, ta laluba, ta sami kunnensa ta riƙe. "Su suka sa na zauna. Kai ka sa na rayu. Ban iya faɗa ba ne, ni ba 'yar makaranta ba ce."

Ɗan Fari ya kifa fuskarsa a kan ɗankwalinta. Kafaɗunsa suna rawa, ba sauti. Masu jirgi suka juya mana baya, kowa ya sami igiyar da zai gyara. Ni na zauna a kan matakala na ja mayafina na rufe baki.

Mun fi awa a wurin. Jirage uku suka zo suka sauke mutane, ta bi kowane fasinja da kallo har ya hau sama, kamar yadda ta saba. A na ukun na lura shi ma yana kallo tare da ita. Da rana ta fara zafi ta ce, "To, na gani. Ina motar?"

Ya share fuska da hannun riga. Ya dubi maigidana.

"Don Allah ka ciro katifar nan daga mota, ka kai ɗakinta. A ƙasa zan kwana."

Kwana biyu ta ƙara. Ya aika aka zo da matarsa da 'ya'yansa, gidan ya cika da takalma a bakin ƙofa. Shi ke ba ta ruwa, shi ke juya ta. Ya kawo hoton gidansa a waya ya nuna mata, ta ce ƙofar ta yi kyau amma shuɗin ya yi yawa. Ta sa ya rubuta sunayen mutum biyar ɗin nan a takarda, ta ce a kai wa yaran makaranta, kar su rubuta ita kaɗai, har da masuncin da ba ya magana. Da ya gama ta ce ya ƙara na yarinyar a ƙasa.

"Ita ba ta zo ba, Iya," ya ce a hankali.

"Saboda ita aka zauna. Rubuta."

Ya rubuta.

Ranar Laraba da safe na shiga da ruwan ɗumi, rana ta ɗan ɗago, 'yan makaranta na wucewa a layi. Na tarar da shi zaune a bakin gado, hannunta a cikin nasa. Daga mashigi aka ji jirgin farko ya busa ƙaho. Ta buɗe ido ta ce, "Wa ya sauka?"

"Ban sani ba, Iya. In je in duba?"

"A'a. Zauna."

Ya zauna. Ta ja numfashi biyu masu tsawo, na uku bai zo ba. Na ajiye kwanon ruwan a ƙasa. Shi ya shafa mata ido ya rufe.

Ban taɓa sanin garin nan na da mutane haka ba sai ranar. Kasuwa ba ta ci ba. Jirage suka jeru a mashigi har kwanar kogi, wasu daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, tsofaffin matuƙa da suka ce sun sha shayinta suna samari. Wani mai farin gemu ya riƙe hannun Ɗan Fari ya ce, "Ni fa har bara ina tambaya. Duk inda na tsaya sai na tambaya." Ɗan Fari ya ce ya gode, Allah ya saka.

Bayan mako guda baƙi suka watse, iyalinsa suka riga shi komawa. Ranar da zai tafi ya kawo mini makullin gidan ya ce in riƙa buɗewa iska na shiga. Na ɗauki kwandon wankina, ya ce bari ya raka ni ya yi sallama da masu jirgi. Muka sauka tare, yana dafa bango saboda gwiwar.

Yana cikin gaisawa da su jirgin hantsi ya iso daga sama. Mutane suka fara sauka, masu buhuna, masu kaji, wani da keke a ka. Can ƙarshe wata tsohuwa ta miƙe, baƙuwa ce, ban taɓa ganinta ba. Siririya, da furfura a gefen ɗankwali, da ƙaramar jaka a hammata. Ta sauko ta tsaya a kan yashi tana dube-dube kamar mai neman wani.

Ban san lokacin da na saki rigar da nake wankewa ba. Na duba gefe, na ga Ɗan Fari ya bar hannun mutumin da yake gaisawa da shi, ya yi taku biyu gaba.

Matar ta matso ta gaishe mu. Ta ce don Allah ina ne hanyar asibiti, jikanta aka kwantar.

"Ki hau matakalar nan, ki yi dama," na ce.

Ta yi godiya ta wuce, tana hawa a hankali, tana hutawa bayan kowace uku. Mai jirgi ya tura jirginsa da gora, ya ja injin, ya nufi ƙasa. Rigar da na saki ta yi nisa kaɗan, tana juyawa a kan ruwa, wani yaro ya shiga ya kamo mini. Ɗan Fari na nan tsaye inda yake, makullin mota a hannunsa, har igiyar ruwan da jirgin ya tayar ta zo ta taɓa takalminsa ta koma.